Gonakin Haya Huɗu: A Sawun Robert Burns

Gidan da aka haifi Robert Burns yana bakin titi ne a ƙauyen Alloway, mil biyu kudu da garin Ayr a yammacin Sikotlan. Dogo ne mara tsayi, fari fat, da rufin jinka. Mahaifinsa, William Burnes, mai aikin lambu da neman abinci ya koro daga arewa maso gabashin ƙasar, shi ya gina shi da laka da hannunsa a 1757, shekarar da ya auri Agnes Broun. Rufi ɗaya ne ya haɗa madafa da ɗakin zama da turken shanu da wurin ajiye hatsi. A cikin madafar akwai wani lungu da aka kafa gado a jikin bango, nan aka haifi yaron ranar 25 ga Janairu 1759. Bai fi kwana goma a duniya ba guguwa ta taso cikin dare ta zubar da wani sashe na bangon, aka kwashi mai jego da jaririnta zuwa gidan maƙwabta.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Gilasgo, wanda ya aro mota ya ɗauko ni, sai da ya sunkuya kafin ya shiga. Ya dubi gadon, ya juyo ya dube ni.

"Kawu, wai nan aka haifi mutumin da ke jikin takardar fam goma?"

Nan ne kuwa. Fuskarsa na jikin takardar kuɗin bankin Clydesdale, mutum-mutuminsa na tsaye a Niyok da Melbourne da Dunedin. Tarayyar Sobiyet ta buga kan sarki da hotonsa a 1956. A 2004 Kofi Annan ne ya gabatar da lacca ta farko ta tunawa da shi a Niyok, a 2009 kuma da wani gidan talabijin ya ce jama'a su zaɓi gwarzon Sikotlan na duk zamani, shi suka zaɓa, ya kayar da William Wallace mai takobi. Duk wannan za a gaya maka a gidan tarihin da ke kusa. Ni abin da na zo bi daban ne. In ka jera wuraren da Burns ya zauna a taswira, jerin gonakin haya za ka gani: Mount Oliphant, Lochlea, Mossgiel, Ellisland. Kowacce ta sha guminsa, babu wadda ta biya shi. Ya rasu yana da shekara 37 bai mallaki ko taki ɗaya na ƙasar da yau take tinƙaho da shi ba.

A wannan madafa ya fara jin abin da ya rayu a kai. Uwarsa ba ta iya rubutu ba, amma bakinta cike yake da tsofaffin waƙoƙin karkara. Akwai kuma wata tsohuwa 'yar'uwarsu, Betty Davidson, gwanar labarun mayu da fatalwa da aljanu. Uban shi ne na ɓangaren karatu: a 1765 ya haɗa kai da maƙwabta suka ɗauki wani saurayi ɗan shekara 18, John Murdoch, ya riƙa koyar da 'ya'yansu nahawun Ingilishi. Daga baya Murdoch ya ba da labari cewa ƙanen, Gilbert, ya fi alamar basira, shi kuwa Robert kunnensa ba ya kama kari, muryarsa kuma ba ta waƙuwa. Malamai sai a yi hattara da yanke hukunci.

Daga gidan muka taka zuwa tsohuwar majami'ar Alloway, kango mara rufi, kabarin William na ƙofarta. Gaba kaɗan ga tsohuwar gadar dutse a kan kogin Doon, mai doro, shimfiɗe da tsakuwa masu santsi. Nan ne fagen "Tam o' Shanter", doguwar waƙar da Burns ya rubuta a 1790. Wani mai tattara tarihin tsofaffin gine-gine, Francis Grose, ya yarda zai sa zanen majami'ar a littafinsa in Burns zai ba shi labarin mayu da zai raka zanen. Sai ya ba shi labarin wani manomi da ya sha ya yi tatil ran kasuwar Ayr, ya hau goɗiyarsa cikin hadari, ya tarar da mayu na rawa a kangon, Shaiɗan na busa musu. Maimakon ya lallaɓa ya wuce, sai ya yi wa wata budurwa a cikinsu kirari da ƙarfi. Suka dafo masa. Tun da mayu ba sa haye ruwa mai gudu, ya zaburi goɗiya zuwa tsakiyar gada, ya tsira, amma wutsiyarta ta saura a hannun mayya. Na auna da ido, tsakanin kangon da gadar tafiyar 'yan mintuna ce. Yaron nawa ya hau doron gadar da gudu yana waiwaye, wasu tsofaffi biyu da ke zaune kan benci suka kwashe da dariya. Sun san abin da yake kwaikwayo.

Mount Oliphant ba ta da nisa, tana kan tudu. Eka 70 ce, William ya karɓe ta a 1766 da bashin fam 100, Gilbert kuma ya ce bai san ƙasa mara albarka kamarta ba. Ba su da halin ɗaukar ɗan ƙodago, saboda haka Robert yana shekara 13 yana sussuka, yana 15 shi ne babban ma'aikacin gonar. Nama sai an daɗe ba a gan shi ba. Da mai gonar ya rasu, wakilin magada ya riƙa aiko da wasiƙun barazana, ana karantawa gida na kuka. Masana da dama na ganin a waɗannan shekaru ne zuciyarsa ta samu lahanin da ya kashe shi. A nan kuma ya yi waƙarsa ta farko, yana ɗan shekara 15, ga wata yarinya da aka haɗa su girbi, Nelly Kilpatrick. Abin lura shi ne a kan karin da ita take yawan rerawa ya ɗora baitocin. Haka zai yi ta yi har ƙarshen ransa.

Lochlea, kusa da Tarbolton, ba mu daɗe ba, daga bakin hanya muka hango ta. Sun koma can a 1777, ƙasar fadama ce mai tsami. Rigima ta ɓarke tsakanin William da mai gona kan kuɗin haya, aka yi wa dabbobinsa da amfaninsa ƙidaya da umarnin kotu, shari'a ta kai har Edinbara. Ya ci shari'ar a Janairun 1784, ya rasu a Fabrairu.

Mossgiel, a bayan garin Mauchline, har yau gona ce mai aiki, madara suke tatsa suna sayarwa. Tana kan tudu mai iska, ko a watan Yuli sai da na ja zif ɗin rigar sanyi. Robert da Gilbert sun karɓi eka 118 a kan fam 90 a shekara, kowannensu ya yanka wa kansa ladan fam 7 a shekara. Robert ya ɗaura niyyar zama manomin kirki, yana karanta littattafan noma, yana bin kasuwanni. Shekarar farko suka sayi mugun iri, ta biyu girbi ya makara, rabin amfani ya salwanta. Amma a ɗan benen da yake kwana, a kan wani ƙaramin tebur, cikin shekara biyu ya rubuta akasarin waƙoƙin da suka yi masa suna.

Ɗaya daga cikinsu ta ɓera ce. A Nuwamban 1785 yana huɗa, bakin garma ya tone sheƙar wani ɓeran daji. A waƙar yana ba ɓeran haƙuri, yana ce masa bai ga laifinsa ba don ya ɗauki zangarniya ɗaya daga dami, yana jimamin cewa hunturu ya ƙarato ga shi babu sauran ciyawar sake gini. Can ƙarshe sai ya juya ya ce ɓeran ya fi shi sa'a, don shi na yau kawai ke damunsa. Ana koya wa yara ita a matsayin waƙar tausayin dabbobi, ba laifi. Amma tsaya a wannan tudu ka tuna cewa bai cika shekara biyu da binne uban da aka yi wa kaya ƙidaya ba, kuma shi ma bai san ta inda hayar bana za ta fito ba. A ganina ɗan haya ne yake magana da ɗan haya. Mai gonar kansa ba zai ga ɓeran nan haka ba.

Da Sikotanci ya yi ta, harshen talakawan kudancin ƙasar, ɗan'uwan Ingilishi na jini amma mai kalmominsa da lafazinsa. Tun da aka haɗe majalisun Sikotlan da Ingila a 1707, masu ilimin Edinbara suka shiga jin kunyar bakin iyayensu. Masanin falsafa David Hume har jerin kalmomin gida ya tsara don ya guje musu a rubutu. Burns ya iya Ingilishi sarai, wasiƙunsa shaida ne. Abin da ya ba shi ƙwarin gwiwa shi ne waƙoƙin wani saurayin Edinbara, Robert Fergusson, da ya rubuta da Sikotanci ya mutu a gidan mahaukata a 1774 yana shekara 24. Da Burns ya samu ɗan abin hannu, shi ya biya aka kafa dutse a kan kabarinsa.

Mauchline ƙaramin gari ne, majami'a da maƙabartarta a tsakiya, tsohuwar mashayar Poosie Nansie na fuskantarsu. A zamanin Burns dattawan majami'a su ne hukumar tarbiyya. Sun sa abokinsa Gavin Hamilton gaba, lauyan da ya ba shi hayar Mossgiel, har da laifin sa bara ya tono dankali ran Lahadi. Burns ya rama masa da waƙar zambo da ya sa a bakin ɗaya daga cikin dattawan, William Fisher, yana addu'a: yana gode wa Ubangiji da ya zaɓe shi, yana ɗan ambaton ɓarnarsa da mata kamar ba komai ba, yana roƙon a hallaka Hamilton. Ba a buga ta ba a lokacin, hannu da hannu ta yi ta yawo. Kabarin Fisher na nan a maƙabartar. A 1809 aka tsinci gawarsa a kwalbati cikin ƙanƙara.

Sai dai shi ma mai zambon yana da nasa. A 1785 wata baranyar gidansu ta haifa masa 'ya. A 1786 aka gano Jean Armour, 'yar wani magini, tana ɗauke da cikinsa. Ya ba ta takardar shaidar aure, ubanta ya sa aka yanke sunayen da ke ciki, ya tura ta wajen dangi a Paisley. Sau uku aka tsayar da Burns gaban jama'a ran Lahadi ana yi masa faɗa. 'Ya'yansa da aka sani aƙalla 12 ne, tara na Jean, sauran na mata 'yan aiki waɗanda ba a rera sunansu ran bikinsa. Matar da ke kula da ɗan gidan tarihin garin ba ta rufa masa ba. Ta nuna mana ɗakin da suka fara zaman aure da Jean a 1788, sannan ta nuna ta taga inda aka binne 'ya'yansu mata huɗu, ta ce ita in da ita ke rabon mutum-mutumi, da Jean ta fi samu.

A cikin wannan ruɗani na 1786 ne ya karɓi aikin akawu a wani gandun rake a Jamaika, kan fam 30 a shekara. Akawun gandu a lokacin mai sa ido ne a kan bayi, kuma bayin daga gaɓar Afirka ta Yamma aka kwaso yawancinsu. Ya kama gurbi a jirgin ruwa. A abin da ya rubuta a watannin nan, rabuwa da gida da zafin ƙasar da zai je su ne kukansa. Yaron nawa ya yi shiru da na gaya masa, sannan ya ce, "To Kawu, shi ne kuma mai waƙar cewa duk mutane ɗaya ne?" Shi ne, shekara tara bayan haka. Ban ga dalilin ɓoye ɗayan don a tsare ɗayan ba. Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta a Amurka, masoyin waƙoƙinsa ne, har ya zo Ayr a 1846 ya gaisa da ƙanwarsa Isabella.

Littafi ne ya hana tafiyar. Ya kai waƙoƙinsa maɗaba'ar John Wilson a Kilmarnock, suka fito ranar 31 ga Yuli 1786, kwafi 612, sule uku-uku. Cikin kusan wata guda suka ƙare. Wani makahon mawaƙi na Edinbara, Thomas Blacklock, ya aiko da yabo da shawarar a sake bugawa. A Nuwamba Burns ya ari doki ya nufi birnin. Manya suka yi ta gayyatarsa cin abinci suna kallon manomi mai hikima, wasu na ba shi shawarar ya bar Sikotanci ya koma Ingilishi. Ya sayar da haƙƙin littafin kan gini 100, ya ranta wa Gilbert fam 180 don kada Mossgiel ta kuɓuce, amma babu wanda ya ba shi abin yi na dindindin. Sai ya sake neman gona.

Hanyar kudu ta bi kwarin kogin Nith, ta Cumnock da Sanquhar da Thornhill, tumaki ko'ina a kan tuddai. Ellisland na mil shida kafin Dumfries, a ƙarshen wata 'yar hanya. A duk wuraren ita ta fi shiga raina. Farin gida ne da shi ya sa aka gina, da turke, da lambun itatuwa, ga kogin na gudu a ƙasan gangare. A can muka yi la'asar a kan ciyawa. A watan Yuli magariba sai wajen ƙarfe goma na dare, rana ba ta gaggawar komai. Eka 170 ce, hayar fam 50 a shekaru ukun farko, daga nan 70. Kyau dai ga ido, amma ƙasar ta gaji, duwatsu ne fal. Ya bar hatsi ya koma kiwon shanun madara, Jean na yin man shanu da cuku. Duk da haka ba ta riƙe su ba, sai a 1789 ya kama aikin jami'in haraji kan fam 50 a shekara, yana zagaya gundumomi goma a kan doki, kusan mil 200 a mako, yana auna gangunan giya, yana duba masu yin kyandir da sabulu da jima.

A tsakanin wannan wahala ne ya yi aikin da na fi girmama shi a kai. A Edinbara ya haɗu da wani mai sassaƙa faifan ɗab'i, James Johnson, da ke tattara waƙoƙin gargajiyar Sikotlan da karinsu. Burns ya rungumi aikin kamar nasa. Duk inda ya ji tsohuwa ko makiyayi ko mai goge na rera wani abu, sai ya kama. Wata ya same ta amshi kawai ya rage, ya gina mata baitoci. Wata batsa ce, ya wanke ta yadda za ta shiga ɗaki. Wata kuma karin kaɗai ya tsira, ya yi mata sabuwar riga. Ya bayyana yadda yake yi a wata wasiƙa: sai kari ya zauna masa a kai tukuna, ya yi ta gunguninsa yana yawo a waje, sannan kalmomi su zo, sannan ya koma ɗaki ya yi gyara yana lilo da kujera. Jean mai murya ce, ita ke gwada masa. Wanda ya san yadda mawaƙanmu na rubutacciyar waƙa ke ɗora baiti a kan karin da mata ke rerawa wajen daka zai gane sana'ar nan take.

Ya ba Johnson waƙoƙi kusan 200, ya ba wani mai tattarawa, George Thomson, sama da 100, yawanci ba tare da sunansa ba. "Auld Lang Syne", wadda duniya ke rerawa daren sabuwar shekara, daga Ellisland ya fara aika ta ga wata aminiyarsa a Disamban 1788. Ya ce daga bakin wani tsoho ya ɗauko ta, masana kuwa na ganin baitoci biyu aƙalla nasa ne. Kuma ko kwabo bai nema ba. Da Thomson ya aiko masa fam 5 a 1793, ya fusata, ya rubuta masa cewa in ya ƙara, zumuncinsu ya yanke. Mutumin da bai taɓa fita daga lissafin haya ba, wannan abu guda ya ƙi sa masa farashi. Ana iya cewa girman kai ne na talaka. Ni na fi karkata ga cewa ya ɗauki waƙoƙin kayan jama'a ne da aka ba shi gyara, mai gyara kuwa ba ya sayar da kayan mutane.

A ƙarshen 1791 ya sallama gonar ya koma Dumfries, garin jan dutse. Albashi ya ƙaru zuwa fam 70, bakinsa kuma ya kusa ja masa. Yana goyon bayan juyin juya halin Faransa a fili, aka kai ƙararsa, hukumar haraji ta bincike shi a ƙarshen 1792, ya rubuta wasiƙar kare kai cikin firgici yana ambaton mata da 'ya'ya. Ya tsira da gargaɗi. A 1795 ya shiga rundunar sa-kai ta garin da aka kafa don tsoron mamayar Faransa, a shekarar kuma waƙarsa ta daidaiton 'yan Adam ta fito ba suna. Ita aka rera ran buɗe majalisar Sikotlan a 1999.

Mun sha shayi a Globe, mashayarsa, a cikin wani siririn lungu. Kujerarsa na nan, ga gilasan taga da ya karce da baitoci. A nan wata 'yar aiki, Ann Park, ta samu cikinsa. Ta haihu a 1791, kwana tara kafin Jean ita ma ta haihu, Jean ta karɓi yarinyar ta raine ta tare da nata. Batun cewa giya ce ta kashe shi kuwa, James Currie ne ya yaɗa shi a tarihin da ya rubuta a 1800. Yana sha, ba musu, amma abokan aikinsa sun shaida bai taɓa sakaci da aiki ba, likitocin baya kuma sun fi zargin ciwon zuciya.

Brow Well na kudu maso gabashin garin, a gaɓar Solway: ɗan kududdufi ne da aka kewaye da dutse, ruwansa ja-ja saboda ƙarfe, bayansa fadama da laka har iya gani. A Yulin 1796 likitansa ya turo shi nan, ya sha wannan ruwa, ya kuma riƙa shiga teku mai sanyi har hammata kullum. Mutum ne da ƙyar yake tsayuwa. Yana nan wasiƙar lauya ta iske shi kan bashin tela, fam 7 da 'yan sulalla, kuɗin kakin sa-kai. Tsoron gidan yarin masu bashi ya kama shi. Ranar 12 ga Yuli ya rubuta wa ɗan baffansa a Montrose yana roƙon fam 10, ya kuma rubuta wa Thomson, wanda ya yi wa fushi shekara uku baya, yana roƙon fam 5. Ko a nan bai ce a biya shi na baya ba, alkawari ya yi zai biya da sababbin waƙoƙi in ya warke. Dukansu sun aiko.

Ya koma gida ranar 18, ya cika ranar 21. Ranar 25 aka yi jana'izarsa da faretin soja da dubban mutane, Jean kuwa na gida tana naƙudar autansu, Maxwell. Gidan na nan a titin da yanzu ke ɗauke da sunansa, ƙaramin bene na jan dutse, ta zauna a ciki har rasuwarta a 1834. Kabarin farko ba shi da wata alama ta kirki, har William Wordsworth da ƙanwarsa Dorothy suka sha nema da suka zo a 1803. A 1815 aka mayar da shi cikin wata farar ƙubba a maƙabartar St Michael, inda aka sassaƙa shi riƙe da garma.

Muna fitowa yaron ya tambaye ni fam 180 ɗin nan fa da ya ranta wa ƙanensa. Gilbert bai iya biya ba a rayuwar Robert, shi ma Mossgiel ba ta bar masa komai ba. Sai a 1820, da masu maɗaba'a suka biya shi ladan duba wani sabon bugu na waƙoƙin yayansa, sannan ya mayar wa iyalin kuɗinsu.